Fitilar Injiniya Ba Ta Taɓa Yin Ja Ba

Mai gyaran waya ne, amma in ka kira shi da haka ba zai waiwayo ba. Shi ya raɗa wa kansa Injiniya, ya sa aka rubuta da jan fenti a saman ƙofar shagonsa, har mutanen layin suka gaji da musu suka bi shi a haka. Gyara kam yana taɓawa. Sai dai duk wayar da ya buɗe ya mayar, ba a rasa 'yan kusoshin da za su rage a kan tebur, ya share su cikin gwangwani ya ce kamfani ne ya yi almubazzaranci.

Wata safiya yana shan shayi a tsaye, idonsa a kan wata waya da ya kwance a kan teburin cin abinci, sai matarsa ta zo ta tsaya a gabansa.

"Maigida, ka san rabon da ka tambaye ni yadda na kwana?"

"Ai ba sai na tambaya ba, Uwargida. Ga ki a tsaye garau."

"Muna gida ɗaya amma ba ka san halin da nake ciki ba. In na yi dariya ba ka sani ba, in na yi kuka ba ka sani ba. Ka ga akwatin da ke saman kwaba? Jiya na sauko da shi na goge. Duk ranar da na gaji gidan Yaya zan tafi, kuma ba da wasa nake ba."

Ta juya ta shiga kicin, ta banko ƙofar da ƙarfi har cokulan da ke kan tebur suka yi tsalle. Da wani ne, da ya ajiye kofin ya bi ta ya ba da haƙuri. Injiniya kuwa tsayawa ya yi yana kallon ƙofar, baki a sake, ido na ƙyalli, kamar wanda ya tsinci abin da ya daɗe yana nema.

"Ƙofa," ya faɗa a hankali. "Ashe amsar tana ƙofa."

Ko ragowar shayin bai shanye ba ya nufi shago. A kan bencin da ke gaban shagon ya tarar da abokan zamansa na kullum: Tela, wanda shagonsa ke jikin nasa, da Mai aski na tsallaken titi, da Direba da ke jiran a gama wanke masa mota. Bai ko zauna ba ya fara.

"Ku saurara, yau zan raba ku da matsalar da ta gagari kakanninku. Namiji ba ya sanin abin da ke ran matarsa sai ya shiga gida, lokacin kuwa ya makara. Ka tambaye ta, ta ce ba komai. Baki yana iya cewa ba komai, amma ƙofar kicin ba ta ƙarya. Mace in ranta fari ne, a hankali take rufewa. In ranta ya ɓaci, ƙofar ce ke fara sani."

"To sai me?" in ji Direba.

"Sai a haɗa ƙofar da shagona. Kana zaune a nan za ka ga zuciyar matarka tarwai a kan allo."

Mai aski ya sosa ƙeya. "Ba zai fi sauƙi ba mutum ya zauna ya yi hira da ita?"

"Hira aikin mutanen da ne. Kai kan mutum kawai ka sani daga waje, ni cikinsa nake magana. Manyan kamfanonin duniya suna can suna fama da agogo mai ƙirga bugun zuciya. Bugun zuciya me zai gaya maka? Mai gudu ma zuciyarsa bugawa take. Ni ainihin fushi zan auna."

Ya sa wa abin suna Ma'aunin Zuciya tun kafin ya ɗauki ko da waya ɗaya. A cikin kowace waya akwai wani ɗan ƙaramin abu da ke jin motsi in an girgiza ta. Shi ya riƙa cirowa daga matattun wayoyin da masu su suka haƙura, ya haɗa da batir da layin waya, ya cusa a cikin gidan sabulu na roba, ya naɗe da baƙin salatif. In an liƙa a saman ƙofa, ita za ta aiko saƙo. A shago kuma ya kafa falankin katako a jikin bango, ta waje, inda kowa zai gani. Kowane magidanci da 'yar fitilarsa. Kore, lafiya lau. Ja, a shiga gida da addu'a.

Matattun wayoyin suka isa na Tela da na Mai aski da na Direba, suka ƙare. Saura na gidansa. Ya dubi wayarsa ta aljihu, ya juya ta, ya ce wa zai kira shi da ya fi wannan aiki muhimmanci. Nan take ya farke ta.

Da rana tsaka ya je gida, ya taka kujera yana liƙa abin a saman ƙofar kicin. Matar tana ninke kaya, ta leƙo.

"Me kuma kake yi wa ƙofar?"

"Maganarki ta safe ce na yi aiki da ita," ya ce yana washe baki. "Daga yau, Uwargida, ba sai kin sake gaya mini komai ba."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "To."

Ya koma shago yana taku ɗaiɗai. Fitilarsa kore shar. Ya shimfiɗa tabarma a bayan kanta, ya ce shi da gida sai ya ga Ma'auni ya tsaya da ƙafafunsa, domin na'ura sabuwa kamar jariri ce, ba a barin ta ita kaɗai. Sauran ukun kuwa kowa ya lallaɓa ya liƙa nasa a gida ba tare da matarsa ta gani ba.

Tela ne ya fara shiga hannu. Washegari da la'asar fitilarsa ta yi ja, ta mutu, ta sake yin ja, ta yi ta yi ba ƙaƙƙautawa. Injiniya ya leƙa shagonsa ya kira shi da hannu.

"Me ka yi mata?"

"Ni? Lafiya muka rabu."

"Na'ura ba ta san lafiya muka rabu ba. Wannan jan ba na yau ba ne, tsohon laifi ne ya taso. Ka je ka riga ta magana."

Tela ya rufe shago, ya sayi turare a hanya, ya shiga gida kai a sunkuye. Matarsa tana tsaye da silifa a hannu. Kyankyasai ne suka addabe ta a jikin ƙofar kicin, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tsinka musu silifa, har da 'yar waƙarta. Bai tsaya ya duba ba.

"Ki yi haƙuri. Na san kin sani."

"Na san me?"

"Atamfarki. Ban ɓatar da ita a shago ba kamar yadda na ce. Dutsen guga ne ya ƙone ta, na yanka sauran na yi wa wani aljihu."

Ta dubi turaren, ta dube shi, ta gyara riƙon silifar. Ba a daɗe ba aka ga Tela ya dawo layin da sauri, hula a hannu, yana neman Injiniya ruwa a jallo.

"Ka kashe ni. Matar nan ba fushi take ba, kyankyaso take kashewa."

"Yanzu fa? Tana fushi ko ba ta yi?"

"Yanzu kam ko sunana ba ta son ji."

Injiniya ya miƙe ya daki tebur. "Kun ji ko? Ni na ɗauka fushin da ake ciki kawai take aunawa. Ashe har wanda bai zo ba tana hangowa. Wallahi na fi ƙarfin kaina."

Direba shi fitilarsa kore ce tun safe har yamma, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ganin haka ya kwashi abokan aikinsa daga tasha ya ce su zo gidansa su ci abinci, yau ran uwargida fes yake, yana da hujja ta kimiyya. Abin da Injiniya bai lissafa ba shi ne, matar Direba in ta fusata ba ta hayaniya. Shiru take yi, ta riƙa tafiya kamar mai tsoron tada barci, ta rufe ƙofa ko sauro ba zai ji ba. Ranar kuwa ta cika ta batse, don ya manta ya ɗauko mahaifiyarta daga asibiti, tsohuwar ta dawo da ƙafa. Ta karɓi baƙin da fara'a, ta jera musu kwanoni a rufe, ta koma ɗaki. Suka wanke hannu, Direba ya buɗe kwanon farko yana cika baki. Makullin motarsa da ya ajiye da shigowarsa ne a ciki. Sauran ko wannan babu.

"Laifin matarka ne," in ji Injiniya da aka kawo masa ƙara. "Ba ta bin ƙa'ida. Duniya duk an san in mutum ya yi fushi buga ƙofa yake yi. Ka je ka koya mata."

"In koya mata fushi?"

"Ka koya mata yin sa daidai. Na'ura ba za ta sauya don mutum ɗaya ba."

Direba, da yake yunwa ta taɓa masa tunani, ya je ya faɗa mata. Ta ce wace na'ura. Ya nuna mata gidan sabulun da ke saman ƙofa. Kafin rana ta faɗi babu macen da ba ta ji labari ba a layin.

Mai aski kuwa tasa masifar daban ce. Shagonsa yana kallon allon kai tsaye, don haka duk wanda ya zauna a kujerarsa sai ya zama mai ba da rahoto.

"Mai aski, taka ta yi ja fa."

"Na gani. Daidaita kanka."

"Ta ƙara yi. Kai, wannan karon har da ƙyalli."

Idonsa ya koma kan allon, injin askin ya zarce, ya buɗe wa mutumin titi tun daga goshi har ƙeya. Dole aka kwashe gashin duka, mutumin ya fita da kai tal yana rantsuwar ba zai sake dawowa ba. Masu wucewa kuma suka mayar da allon wurin kallo. Mai sayar da ruwa in ya zo wucewa sai ya tsaya ya duba, ya ce wa Mai aski, "Sannu da haƙuri, Allah ya daidaita ku." Har surukarsa ta aiko a tambaya me ya yi wa 'yarta da duk gari ake zancensa.

Matan kuwa da suka gane yadda abin yake, sai suka mayar da shi ƙararrawar kiran miji. Gishiri ya ƙare, a buga ƙofa. Ana son a sauke katifa daga sama, a buga ƙofa. Sai ka ga magidanci ya bar aiki ya ranta a na kare, da ledar tsaraba a hannu, ya isa gida yana haki a ce masa dama kwalbar mai ce ta ƙi buɗuwa. Tela ya rame. Direba ya koma ajiye mota nesa da allon don kada idonsa ya kai.

Injiniya ko a jikinsa. Rigarsa ɗaya ce tun ranar da ya fara, ta yi baƙi a wuya, gemu ya fito masa, abinci kuma a wurin mai sayarwa na bakin titi yake ci. Duk wanda ya kawo ƙorafi sai ya kama hannunsa ya kai shi gaban allo.

"Dubi tawa. Ka taɓa ganin ta yi ja? Matar da ta ce za ta tafi gidan yayanta, yau ga ta kore safe, kore yamma. Matsalar ba ta na'ura ba ce, ku ne ba ku iya zama da iyali ba."

"Ka leƙa gidan kuwa?" in ji Mai aski.

"In leƙa in ga me? Wanda yake da agogo yana fita duba rana?"

Daga nan ya ce lokaci ya yi da duniya za ta sani. Ya ari kujerun roba ya jera a gaban shago, ya rufe allon da zanin gado, ya gayyato wani ɗan jarida daga gidan rediyo. Layin ya cika. Mazan suka zauna a gaba suna zare ido. Matan ba su zo ba, ban da matar Tela da ta tsaya daga gefe, ta harɗe hannu a ƙirji. Injiniya ya hau benci ya yi jawabi mai tsawo, ya ce nan gaba kaɗan za a liƙa Ma'auni a ƙofar ofisoshi da makarantu, har ƙasa da ƙasa za su daina yaƙi, don kowane shugaba zai ga fitilar ɗan'uwansa kafin ya yi magana. Sannan ya fizge zanin.

Matar Tela ta ciro wayarta ta danna, ta ce, "To, ku fara."

Fitilar Mai aski ta yi ja. Ta Direba ta amsa. Ta Tela, da aka bar wa ƙanwar matarsa aikin bugawa, ta shigo a tsakiya. Ja, ja, ja, sai su tsaya, sai su sake ɗauka tare, da tsari, kamar masu kiɗa sun haɗu da gwani. Daga cikin gidaje ana jiyo ƙofofi suna amsa wa juna, bam, bam, bam-bam. Yara suka fara rawa. Wani tsoho a kujerar baya ya riƙa kaɗa kai yana bin sautin da sandarsa.

"Wannan fa me yake nufi a kimiyyance?" ɗan jaridar ya tambaya, ya miƙa masa abin ɗaukar magana.

"Wannan, wato, fushi ne na haɗin gwiwa," in ji Injiniya, gumi na bin wuyansa. "Ba a taɓa auna irinsa ba sai yau."

Bai rufe baki ba allon ya yi ƙara, wani siririn hayaƙi ya tashi da warin roba, fitilu ukun suka mutu lokaci guda. Taron ya kwashe da dariya, har Direba ya zamo daga kujera. Amma da hayaƙin ya washe sai ga fitila ɗaya tana nan da ranta, kore shar. Injiniya ya gan ta, ƙarfinsa ya dawo, ya sake hawa bencin.

"Ku yi dariyarku. Waccan ta waye? Tawa ce. Duk matan layin nan sun yi bore, tawa ko motsi ba ta yi ba. A rubuta wannan a faɗa wa duniya."

Ɗan jaridar ya matso. "Ina da tambaya, Injiniya. In ba wanda ya taɓa ƙofar gaba ɗaya, wane launi take nunawa?"

"Kore mana. Ba bugu, ba fushi. Wannan ai ko yaro ya sani."

Sai matar Tela ta ratso tsakiyar kujerun ba tare da gaggawa ba. Ta kwance bakin mayafinta, ta ciro makulli, ta ɗora a kan bencin kusa da ƙafarsa.

"Ga makullin gidanka. Tun ranar da ka liƙa mata abin nan ta ɗauki akwatinta. Ta tsaya a ƙofar gidana ta yi ta kiran wayarka, ko za ka ce mata kada ta tafi, wayar a kashe. Sai ta ba ni wannan, ta ce duk ranar da ka tambayi inda take in ba ka. Kullum ina wucewa ta gabanka, kana nuna mini fitila. Na gaji da jiran tambayar."

Dariyar ta tsaya cak. Injiniya ya dubi makullin, ya dubi fitilar. Hannunsa ya tafi aljihu neman waya, sannan ya tuna inda kayan cikinta suke, suna can manne a saman ƙofar kicin ɗin da ba kowa. Kunya da nadama suka rufe shi, don duk shirmensa yana son matar nan, bai taɓa kawo wa ransa gidan ba ita ba. Ya buɗe baki zai yi bayani, a karon farko a rayuwarsa bayanin ya ƙi zuwa. Ɗan jaridar ya kashe na'urarsa don tausayi.

Direba ne ya kai shi gidan yayan nata. Injiniya ya tsaya a bakin ƙofa da rigarsa mai baƙin wuya, ya yi sallama. Ita ce ta buɗe. Ta dube shi daga sama har ƙasa, fuskarta ba yabo ba fallasa. Sannan ta mayar da ƙofar a hankali, ta rufe ta ko ƙara babu.

Ya tsaya yana kallon katakon. A lissafinsa wannan kore ne. A lissafin matar Direba kuwa, wannan shi ne jan da ya fi kowane ja. Ya juya abin ta nan, ya juya ta can, ya rasa inda zai kama. Ya waiga, Direba ya ɗauke kai yana goge madubin mota. Sai ya ɗaga hannu ya ƙwanƙwasa.

"Uwargida, ban gane ba. Wannan rufewar da kika yi, fushi ne ko mene ne?"

Can ya ji muryarta dab da ƙofar.

"Tambayata kake yi?"

"Tambayarki nake yi. Ban sani ba."

Ya matso da kunnensa jikin ƙofar.

"To akwai kujera a nan gefenka," ta ce. "Jawo ta ka zauna. Amsar tana da tsawo."

Injiniya ya jawo kujerar ya zauna a bakin ƙofar, ya ɗora hannuwa a gwiwa, ya rufe bakinsa.